Mutumin Da Ke Zaune A Kan Benci: Yadda Nas-Nas Suka Fara Sauraron Maza Masu Neman Haihuwa

 

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen mata na babban asibiti a ranar ganin masu neman haihuwa ya san abin da zan faɗa. Mata sun cika layi, kowace da katinta a hannu. Can gefe a kan benci, ko a waje ƙarƙashin bishiya, ga wani magidanci yana ta latsa waya kamar ɗan rakiya. Idan ka tambaye shi zai ce maka, "Iyali na kawo." Alhali sau da yawa takardar da ke ninke a aljihunsa sakamakon gwajin da aka yi masa ne, kuma ita ce ta hana shi barci tun makon jiya.

Maƙalarmu ta yau a kan wannan mutumin take. Za mu bi tarihi mu ga yaushe asibiti ya fara ganinsa a matsayin marar lafiya mai buƙatar a zauna da shi a yi magana, da kuma su wa suka fara jawo kujera suka zauna kusa da shi. Mafi yawan labarin a Ingila da Amurka ya faru, don haka can za mu fi daɗewa, kafin mu biyo ta Masar mu dawo gida.

KUNYA TUN DAGA RANAR FARKO

A shekarar 1677 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, ya duba maniyyi da madubin ƙara girman abu wanda ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu masu jela suna iyo. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan. Abin lura shi ne, a cikin wasiƙar ya roƙe su cewa idan suna ganin bayanin zai zama abin ƙyama ga masana, to su riƙe shi a sirri, ko su buga ko su lalata yadda suka ga dama. Ke nan ranar da ilmin ƙwayoyin maniyyi ya zo duniya, tare da kunya ya zo.

Shekara ɗari biyu bayan haka kunyar tana nan, har ta kai ga zalunci. A 1884, a birnin Filadelfiya na Amurka, wani attajiri da matarsa suka je wurin likita William Pancoast saboda rashin haihuwa. Aka bincika matar, lafiyarta ƙalau. Da aka duba mijin sai aka tarar babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa. Kamar yadda ɗaya daga cikin ɗaliban likitan, Addison Davis Hard, ya fallasa a wata mujallar likitoci a 1909, sai aka shaƙa wa matar maganin sa barci, aka sa mata maniyyin wani ɗalibi ba da saninta ba. Ta haifi ɗa namiji. Daga baya aka gaya wa mijin, shi kuma ya nemi kada a taɓa gaya mata.

Ku dubi wannan labari da kyau. An keta haddin mace, an gurɓata nasaba, duk don kada a zaunar da namiji a ce masa, "Malam, matsalar daga gare ka take, ga abin da za mu iya, ga abin da ba za mu iya ba."

AN IYA ƘIRGE, BA A IYA MAGANA BA

A ƙarni na 20 ilmin ya yi gaba. A 1929 wasu likitoci biyu a Boston, Macomber da Sanders, suka wallafa bincike kan ƙirga yawan ƙwayoyin maniyyi da dangantakarsa da samun ciki. A 1951 John MacLeod da abokin aikinsa suka kwatanta maza 1,000 masu 'ya'ya da wasu 1,000 da aurensu bai samu haihuwa ba, wanda daga nan ne ma'aunin miliyan 20 a kowace mililita ya samo asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundinta na farko kan gwajin maniyyi a 1980. Ta sauko da ma'aunin zuwa miliyan 15 a 2010, sannan ta mai da shi miliyan 16 a 2021.

To amma duk wannan lissafi ne. Namiji ya zama lamba a kan takarda. Shi kuwa ɓangaren zuciya, a shekarun 1940 zuwa 1960, yana hannun masana halayyar ɗan Adam masu bin tafarkin Freud, kuma su a kan mace suka tare. Ra'ayin da ya yi tashe a lokacin shi ne wai macen da ba a gano dalilin rashin haihuwarta ba, a can cikin ranta ne take ƙin zama uwa. Wato ga ta da ciwo, ga ta da laifi. Mijin kuwa babu mai tambayarsa komai, sai dai a miƙa masa kwalba a nuna masa banɗaki.

NAS ƊIN DA TA JUYA MAGANAR

Wadda ta karya wannan ra'ayi a aikace nas ce, Ba'amurkiya, mai suna Barbara Eck Menning. Ita kanta ta sha fama da rashin haihuwa, ta zaga ɗakunan likitoci, ta ga yadda ake duba jiki a bar mutum da ƙuncinsa. A 1974, a yankin Boston, ta fara tara wasu mata masu irin damuwarta a teburin kicin ɗinta. Daga wannan zama aka samu ƙungiyar RESOLVE, wadda har yau tana aiki a Amurka. Tana amsa waya, tana sauraron mutane, tana haɗa su ƙungiya-ƙungiya su tattauna.

A 1977 ta wallafa littafin jagora ga ma'aurata marasa haihuwa, a 1980 kuma ta rubuta maƙala a mujallar likitocin haihuwa ta Fertility and Sterility kan buƙatun zuciyar irin waɗannan ma'aurata. Hujjarta mai sauƙi ce: rashin haihuwar ne ke haifar da damuwar da likitoci ke gani, alhali su sun ɗauka damuwar ce ke hana haihuwar. Ta ɗauko bayanin matakan jimami da Elisabeth Kübler-Ross ta yi a 1969 game da masu fuskantar mutuwa, ta nuna cewa mai rashin haihuwa ma yana bi ta irin wannan hanya: mamaki, musantawa, fushi, keɓe kai, zargin kai, baƙin ciki, kafin a kai ga dangana. Bambancin kawai, wannan makoki ne da babu gawa, babu zaman ta'aziyya, babu mai zuwa ya ce maka Allah Ya ba da haƙuri.

Muhimmin abu ga batunmu shi ne kalmar da ta zaɓa. Ta yi magana a kan "ma'aurata", mutum biyu. Da wannan kalma ce miji ya fara shigowa ɗakin. Sai dai a faɗi gaskiya, waɗanda suka cika zaman nata mata ne, kuma salon zaman, na a zauna da'ira kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, ya fi dacewa da su. Maza sun shigo, amma a bakin ƙofa suka tsaya.

OLDHAM, 1978

A daidai wannan lokaci, a arewacin Ingila, ana wani aikin da zai sauya komai. Ranar 25 ga Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a asibitin Oldham, jaririya ta farko da aka samu ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyi a waje sannan a dasa a mahaifa, abin da ake kira IVF. Duniya ta san sunan likita Patrick Steptoe da masanin kimiyya Robert Edwards, wanda ya samu kyautar Nobel a 2010. Ta ukunsu nas ce, Jean Purdy, wadda ta yi karatun jinya a asibitin Addenbrooke's na Cambridge, ta fara aiki da Edwards a 1968. Ita ce ta fara ganin ƙwan da ya zama Louise yana rarrabuwa. Akwai kuma Sista Muriel Harris, shugabar ɗakin tiyata, wadda ta tattaro nas-nas suka riƙa taimakawa tsawon shekarun da ake gwaji ana faɗuwa.

A 1980 su ukun suka buɗe asibitin Bourn Hall kusa da Cambridge. Purdy ta rasu a 1985 tana da shekara 39, sanadin ciwon dajin fata. Da aka kafa allon tunawa a Oldham, an bar sunanta a waje, duk da wasiƙun da Edwards ya rubuta yana cewa gudummawarta daidai take da tasa. Sai a 2019 aka fito da waɗannan wasiƙu fili.

Me ya haɗa wannan da mutuminmu na kan benci? Dashen ƙwai aiki ne na makonni: allurai kullum, ɗaukar jini, hoton ciki, jiran sakamako. Likita yana ganin ma'aurata na 'yan mintuna. Nas ce ke koya musu allura, ita ke amsa waya, ita ke miƙa wa miji kwalba ranar cire ƙwai, kuma sau da yawa ita ke kira ta ce ba a dace ba. Don haka tsarin aikin da kansa ya ajiye ta a wurin da za ta ga abin da likita ba ya gani: hannun da ke rawa wajen karɓar kwalba, da mijin da ya kasa ba da samfur saboda fargaba alhali matarsa tana kwance an gama cire mata ƙwai.

DOKA TA BUƊE ƊAKI, MAZA SUN ƘI SHIGA

Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, wanda ya miƙa rahotonsa a 1984. Cikin shawarwarinsa akwai cewa a samar wa duk ma'aurata masu neman haihuwa wanda zai zauna da su ya ba su shawara a kowane mataki na jinya. A 1988 aka kafa ƙungiyar masu ba da irin wannan shawara ta Birtaniya, BICA. Dokar 1990 ta wajabta wa asibitocin da ke da lasisi su ba marasa lafiya damar samun wannan zama, hukumar HFEA kuma ta fara sa ido a 1991.

Ɗaki ya samu, kujeru sun samu. Amma maza da yawa ba su taka ba. A wurin namiji, a ce masa ya je ya ga "mai ba da shawara" tamkar an ce masa bayan rashin haihuwa kuma kansa ma da matsala. Ga kuma aikin da ya ɗora wa kansa na zama bango ga matarsa: idan ita tana kuka, shi ba shi da damar yi. Mu ma muna da irin wannan tarbiyya, mu da muke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A 1993 wata marubuciya 'yar Birtaniya, Mary-Claire Mason, ta fitar da littafi na hirarraki da maza marasa haihuwa, kuma koken da ya yi ta maimaituwa shi ne asibiti na ɗaukarsu 'yan kallo, ko da matsalar tasu ce.

1992: ALLURAR DA TA SAUYA MATSAYIN NAMIJI

Dashen ƙwai na farko an ƙirƙiro shi ne don mata masu toshewar hanyar ƙwai. Namijin da ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci sosai bai amfana da shi ba, sai dai a ce masa ya karɓi maniyyin wani ko ya haƙura. A 1992, a wani asibitin jami'a da ke Brussels ta ƙasar Beljiyam, Gianpiero Palermo da abokan aikinsa, ƙarƙashin André Van Steirteghem, suka sanar da haihuwar jarirai ta wata sabuwar hanya mai suna ICSI: a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a soka ta cikin ƙwan mace da siririyar allura. Ba a jima ba aka fara ciro ƙwayoyin kai tsaye daga maraina ga wanda babu komai a maniyyinsa.

Wannan ya kawo sabon nauyi. Matsala ta miji, amma matar ce ke shan allurai da cire ƙwai. Zargin kai ya ƙaru. Wasu mazan kuma a karon farko su ma suka hau gadon tiyata, suka zama marasa lafiya na sosai a hannun nas.

Ga ƙasashen Musulmi abin ya fi girma. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halatta irin wannan magani muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, kuma aure na nan, tare da haramta shigo da na wani. An buɗe cibiyar dashen ƙwai ta farko a Masar a 1986. Tun da ƙofar maniyyin wani a rufe take, ICSI ce ta zama mafitar magidanci Musulmi. Wata masaniyar al'adu Ba'amurkiya, Marcia Inhorn, ta shafe shekaru tana hira da ma'aurata a asibitocin Masar da Lebanon. Ta tarar da mata da ke ɗaukar laifin rashin haihuwa a gaban dangi don su rufa wa mazansu asiri. Ta kuma ga wani abin takaici: matar da ta yi shekaru tana rufa asirin, lokacin da maganin ya iso ƙwanta ya tsufa, wasu mazan kuma sai suka nemi yarinya. Na san wannan labari ba baƙo ba ne a kunnen da yawa daga cikinmu.

ABIN DA MAZAN SUKA CE SUNA SO

A 2012 wasu masu bincike biyu a Melbourne ta Ostireliya, Jane Fisher da Karin Hammarberg, suka tattara binciken da aka yi kan halin da maza marasa haihuwa ke shiga. Ita Hammarberg nas ce da ta yi kusan shekara 20 tana kula da shirin dashen ƙwai kafin ta koma bincike. Sun gano cewa son haihuwa a zuciyar maza bai gaza na mata ba. Sun kuma gano cewa maza sun fi son a yi musu bayani baki da baki a kan a miƙa musu takarda, sannan sun fi son samun kwantar da hankali daga ma'aikatan da ke jinyarsu a kan likitan ƙwaƙwalwa, ko ƙungiyar tattaunawa, ko abokai.

Wato namiji ba zai shiga ɗaki na musamman don ya yi kuka ba, amma zai yi magana da wanda ke yi masa bayanin sakamakonsa. A 2015 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar da kundin jagora da ya ce kula da halin zuciyar marar lafiya aikin yau da kullum ne na duk ma'aikacin da ke hulɗa da shi, har da nas da ungozoma, a tura wa ƙwararru waɗanda damuwarsu ta yi tsanani kawai. Abin da Menning ta fara a kicin, bayan shekara 41 ya zama ƙa'idar aiki.

A aikace, ƙofar da nas ke bi ta shiga zuciyar namiji ita ce bayani. Ta kira shi da sunansa, ta dube shi idan tana magana. Ta gaya masa a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwaji. Ta gaya masa gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, zazzaɓi mai zafi ma kan iya rage ta na ɗan lokaci, shi ya sa ake maimaitawa bayan wata uku. Ta bayyana masa dalilai: kumburin jijiyoyin maraina, ciwon sanyin da ba a magance ba, hangum bayan balaga, ko gado. Ta gargaɗe shi cewa allurar sinadarin testosterone da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi rage ƙwayoyin take yi. Sama da duka, ta raba masa abu biyu da ya cakuɗa a ransa: ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Yawanci bayan wannan jimla ce kafaɗa ke sauka, sai ka ji ya ce, "Sista, to yaya zan gaya wa mahaifiyata?" Daga nan ainihin zaman ya fara.

MU A NAN GIDA

Dashen ƙwai ya iso Nijeriya tun shekarun 1980, ta hannun Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a 1998 kuma aka samu haihuwa ta wannan hanya a Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. Na'ura ta iso. Tambayar ita ce ko kujerar zama da maigida ta biyo ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun matsalar namiji. Amma a unguwanninmu mace ce ake kira juya. Ita ke shan jiƙo da rubutu da gorin dangin miji. Ita ake yi wa kishiya, a yi ta biyu, a yi ta uku, gida shiru, kafin wani ya yi ƙarfin halin cewa maigida ya je a duba shi. Gwajin nasa kuwa shi ne mafi sauƙi da araha a duk binciken. A Suratus Shura, aya ta 49 da 50, inda Allah Ya ambaci wanda Yake barinsa ba haihuwa, kalmar Larabcin da ta zo a wurin tana hawa kan namiji kamar yadda take hawa kan mace. Mu ne muka rage mata faɗi.

Ba sai mun jira shekara ɗari uku kamar yadda Turawa suka yi ba. Ga nas-nas da ungozomomi da ke cikin wannan zaure: idan mace ta zo, ku tambayi ina mijin, ku sa a kira shi, ku nema masa wuri mai sirri, kada a karanta sakamakonsa a bainar jama'a ko a aika masa ta hannun wani. Inda akwai nas namiji, a haɗa su, domin wani magidancin ba zai iya buɗe baki gaban mace ba. Ga 'yan uwana maza kuma: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baiwar Allah da ke ɗaukar gori a madadinka tana da haƙƙi a kanka, kuma shekarun ƙwanta ba sa jira.

Muna da nas-nas da yawa a nan. Ku gaya mana a ƙasa yadda kuke shawo kan magidancin da ya ƙi zuwa gwaji, ba tare da ambaton suna ko asibiti ba. Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, waɗanda Ya jarraba kuma Ya ba su haƙuri da abokan zama na gari. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.